Inna Hure da Jakin Sama'ilu

Inna Hure ta shekara biyu tana zuwa Islamiyyar matan aure ta gidan Malam Tasi'u, amma in ka ce ta ba ka kalmar Larabci goma, sai ta ba ka uku ta cike sauran da tari. Ba wai ba ta da kai ba ne. Ita ce ungozomar Tsamiya Biyu, a hannunta rabin mutanen ƙauyen suka faɗo duniya, kuma har yau tana iya gaya maka wanda ya girmi wani ko da kwana ɗaya ne tsakaninsu. Larabcin ne dai ya ƙi zama. Malamin da yake koya musu a da, wani dattijo mai sanyin murya, yakan rubuta kalmomi a allo ya ce a maimaita, su kuwa su yi ta maimaitawa a inuwar darbejiya har gyangyaɗi ya fara kwasarsu ɗaya bayan ɗaya. Hure ce kullum take buɗe fage, aminiyarta Kaltume ta biyo baya.

Ana nan sai dattijon ya koma garinsu, Malam Tasi'u ya damƙa ajin a hannun autarsa Sa'adiyya, wadda ta gama kwalejin horar da malamai a Kano. Da Hure ta ji labari sai ta riƙe haɓa.

"Sa'a? Sa'ar da na yanke wa cibiya da hannuna? Ita ce za mu dinga ce wa Malama?"

"Ita fa," in ji Kaltume. "Sai ki fara gwada bakinki tun yanzu."

Ranar Asabar bayan la'asar suka hallara, mata ashirin da huɗu a kan tabarmi. Bazara ce, zafi kamar ya dafa mutum. Malama Sa'adiyya ta fito ba alli ba littafi, sai wani buhu da take ja a ƙasa. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta durƙusa wa manya, sannan ta kama gindin buhun ta zazzage a tsakiyarsu. Albasa ta gangara, cokali ya yi ƙara, ga makulli, ga tsintsiya, ga buta, ga wata 'yar tukunya mai baƙin gindi.

"Malama, girki za a yi?" in ji Hure.

"Wasa za a yi, Inna."

Ta ɗaga albasa ta ce basalun. Ta ɗaga makulli ta ce miftahun. Buta ibriƙun, tukunya ƙidrun, tsintsiya miknasatun. Kowane abu sai da ya zaga hannun kowa, mace ta riƙe ta faɗi sunansa ta miƙa wa ta kusa da ita. Daga nan ta kwashe kayan ta jera su can jikin rumbu, ta dawo ta raba ajin gida biyu: waɗanda gidajensu suke gabas da rijiya, da waɗanda suke yamma da ita. Hure ta faɗa gabas, Kaltume yamma, kowacce ta zama shugabar ɓangarenta. Aka ajiye wa kowane ɓangare ƙwarya.

"Zan kira kalma," in ji Malama. "Mutum ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Wadda ta riga kawo mini abin, a jefa wa ɓangarenta tsakuwa a ƙwarya."

Matan suka dubi juna. Hure ta gyara zama ta ce ita da jikoki goma sha bakwai ba za ta yi tsere a gidan malamai ba. Kaltume ta ce ai dama ko ta yi ba za ta ci ba, tun suna 'yan mata ba ta taɓa riga ta zuwa rafi ba.

"Ke Kaltu, ni?"

"Ke fa."

Hure ta miƙe ta ɗaure hijabinta a ƙugu. Kaltume ta tuɓe takalmi.

"Miftahun!"

Suka zabura. Hure ta isa jikin rumbu ba ta san me take nema ba, ta damƙi albasa, ta ga hannun Kaltume ya nufi makulli, ta saki albasar ta kai wawura, suka yi karo da goshi. Kaltume ta dawo da makulli tana rangaji, Hure ta dawo hannu wayam tana murza goshi. Ajin ya kece da dariya, har wata amarya ta kifa a cinyar ta kusa da ita. Aka jefa tsakuwa a ƙwaryar yamma, ƙwal.

Wannan ƙwal ɗin ita ta hana Hure sakat. Ta koma gida tana miftahun, miftahun a hanya. Ta tarar da mijinta Malam Basiru yana gyaran ƙotar fartanya a ƙofar gida, ta tsaya a kansa.

"Malam, ba ni miftahun."

"Na ba ki me?"

"Ka gani? Kai ma da kai ne da an ci ka."

Daga ranar gidan Malam Basiru ya zama wata makarantar. In za ta ɗora tukunya sai ta kira sunanta, in za ta yi shara sai ta gaisa da tsintsiya da Larabci. Kaji ma ba su tsira ba, tun daga makon da aka koyi sunayen dabbobi ta daina kiran su da kur-kur, sai dajajatun, dajajatun, tana watsa musu dusa. Kajin ba su damu ba, suka ci gaba da zuwa. Malam Basiru ya gaya wa abokansa a majalisa cewa shekara arba'in da aure, yanzu ya gane Balarabiya ya auro bai sani ba.

Ajin da a da ake zuwa ana jan ƙafa, yanzu tun kafin a sallame la'asar mata sun gama ɗora sanwa sun zari mayafi. Malama kuwa kullum da sabon salo. Wata rana ta ɗaure wa mace ido ta sa mata abu a hannu ta ce ta faɗi sunansa. Wata rana ta raɗa wa mace kalma ta ce ta kwaikwaya ba magana, 'yan ɓangarenta su gane. A nan ne Kaltume ta yi tafiyar agwagwa daga bakin rijiya har gindin darbejiya, Hure ta yi dariya har da hawaye, ta manta ba ɓangarensu ɗaya ba ta faɗa musu amsa. 'Yan gabas suka kusa tsige ta daga shugabanci.

Amma wasan tsere shi ne wanda ake so, kuma a nan Hure take shan kashi, domin gwiwarta ta dama ba ta da gaskiya. Sai ta yi dabara. Ta lura cewa Malama takan ce "ki kawo mini", ba ta taɓa cewa daga ina ba. Ranar Lahadi ta zo aji hijabinta ya yi wani irin kumburi a ƙugu, ta zauna a hankali kamar mai ciwon baya.

"Basalun!"

Kaltume ta kwasa da gudu. Hure ba ta motsa ba, ta zura hannu cikin hijabi ta zaro albasa ta miƙa. Ƙwal.

"Milhun!"

Ta zaro ƙullin gishiri. Ƙwal.

"Mil'aƙatun!"

Cokali. Ƙwal.

'Yan gabas suka ɗauki guɗa. Kaltume ta dawo tana haki ta tsaya a kanta.

"Malama, a caje ta! Wallahi kanti ne a jikinta!"

"Kar ki taɓa ni, Kaltu. Ki tsaya nesa. Kaltu, na ce kar ki—"

Kaltume ta riga ta rungumo ta ta baya. Aka ji wani ɗan sauti, fus, sannan wani. Ƙwai biyu ne Hure ta ɗaure a gefen zani saboda ko za a kira baidatun, ga shi sun fashe, ruwan yana bin ƙafarta har idon sawu. Malama Sa'adiyya ta juya baya ta kama darbejiya, kafaɗunta suna rawa. Da ta samu numfashi ta ce tsakuwa ukun sun ci, tunda ita ce ba ta kafa doka ba, amma daga yau duk wadda ta zo da kaya a jiki an kwashe wa ɓangarenta biyu.

"To kuma," ta ƙara, "ranar Lahadi mai zuwa za mu rufe makaranta saboda shuka, kun ga hadari ya fara haɗowa. Za a yi babban wasa. Duk kalmar da muka koya tun farko tana iya fitowa, kuma ba zan jera komai a jikin rumbu ba. Inda abu yake, a can za a same shi."

Ranar Asabar, jajiberin babban wasan, aka aiko wa Hure tun da hantsi cewa matar wani Bafulatani a rugar da ke bayan gonaki tana naƙuda. Ta tafi, haihuwa ta yi gardama, ba ta dawo ba sai da magariba ta kawo jiki. An samu mace, uwa da 'ya lafiya, amma darasi ya wuce ta. Ta leƙa gidan Kaltume ta tambaye ta me aka koya.

"Abin kirki dai ba a yi ba," in ji Kaltume tana kallon gefe. "Bita ce kawai."

Ƙarya take yi. Sunayen tufafi aka koya, riga da zani da hula da mayafi.

Lahadi ta zo. Har matan da ba 'yan aji ba sun shigo kallo, sun jeru a jikin katanga da goyo. Malam Tasi'u yana zaure kamar kullum, a kan buzunsa, littattafai a gabansa. Ya daɗe yana jin ihun da ake yi a cikin gidansa, ya kuma daɗe yana yi kamar bai ji ba, tun ranar da matarsa ta miƙo masa buta ta ce ga ibriƙun.

Aka fara. Aka kira kaza, mata biyu suka bi kaza ɗaya har ƙarƙashin rumbu. Aka kira wuta, wata ta zaro itace daga murhu tana gudu ana darewa. Aka kira ruwa, ta gabas ta kawo a kofi, ta yamma ta kawo a tafin hannu ta riga ta. Ƙwal nan, ƙwal can. Da aka zazzage ƙore aka ƙirga, gabas goma sha ɗaya, yamma goma sha ɗaya.

"Saura ɗaya," in ji Malama. "Shugabanni su fito."

Hure ta fito. Kaltume ta fito, ta yafa wani mayafi ruwan goro, tana wani murmushi da Hure ba ta yarda da shi ba. Kowa ya zuba wa Malama ido.

Malama ta ɗaga hannu ta ce, "Khimarun!"

Abin da ya shiga kunnen Hure shi ne himarun, kuma wannan ta san shi sarai tun makon dabbobi: jaki. Ta kuma san gidan Malam Tasi'u ba jaki. Amma da za ta shigo ɗazu ta ga Sama'ilu mai jigilar taki yana ta kai da kawo da jakinsa zuwa gonar Malam. Ba ta ko dubi Kaltume ba, ta tattare zani ta nufi ƙofa. Ta ji ana kiran ta, "Inna! Inna Hure!" ta ɗauka kirari ne, ta ƙara wuta.

Ta ratsa zaure kamar iska, shafin littafin Malam ya kaɗa. A waje ga jaki a ɗaure a gindin tsamiya, mangala cike da taki a bayansa, Sama'ilu ya kewaya kama ruwa. Ta kwance igiya ta ja. Jaki ya kafe. Ta zaga baya ta tura. Ya yi taku biyu ya tsaya. Ta tsinko reshen ganye ta kaɗa masa a hanci, ta dinga ja da baya tana lallashinsa.

"Zo mana, ɗan albarka. Himarun, zo. Tsakuwa ɗaya ce, in ka yi mini wannan har dusa zan kawo maka."

Jaki ya biyo ta har bakin zaure, ya sa kai. Malam Tasi'u ya ɗago ido ya ga kunnuwa biyu a kan littattafansa. Ya yi wuf ya kwashe su ya rungume, ya naɗe ƙafa.

"Subhanallahi! Hure, lafiya?"

"Allah ya gafarta Malam, a ɗan matsa! Himarun ne!"

Mangala ta gogi ƙofa, taki ya zubo. Haka ta fito da shi tsakar gida, gumi yana ɗiga daga haɓarta, ta ja shi har gaban Malama ta danƙa mata igiya a hannu.

"Ga shi. A jefa."

Ba wanda ya jefa komai. Hure ta waiga. Kaltume tana tsaye inda ta bar ta, ko taku ɗaya ba ta yi ba, ta cire mayafinta tana riƙe da shi da yatsu biyu. Malama ta dubi igiyar da ke hannunta, ta dubi jaki, jaki ya dube ta. Sai ta durƙushe.

Irin dariyar da aka yi a gidan nan, har mutanen da suke gona sai da suka ɗago kai. Masu goyo suka zauna a ƙasa don kar su faɗi. Amaryar nan ta yi ta buga tabarma da hannu. Kaltume ta toshe baki da mayafin tana cewa, "Wayyo cikina, wayyo Hure za ki kashe ni." Jakin kuwa ya sunkuya ya fara cin gefen tabarma.

"Me ake wa dariya?" in ji Hure. "Ba jaki aka ce ba?"

Malama ta so ta yi bayani, shaƙuwa ta kama ta. Da ƙyar ta ce, "Inna... mayafi... khimarun mayafi ne. Jiya muka koya."

Hure ta juya a hankali. "Jiya? Kaltu, ba ke kika ce mini bita aka yi ba?"

"An yi bitar ma," in ji Kaltume, ta koma bayan wata.

"Ni ban yarda ba. Da kunnena na ji himarun. A kira Malam ya raba."

Ba sai an kira shi ba, yana bakin ƙofa yana sallama, taki a gefen rigarsa. Mata suka gyara lulluɓi, aka yi ƙoƙarin yin shiru. Aka mayar masa da yadda aka yi. Ya shafa gemu, ya ce Sa'adiyya ta sake faɗin kalmar. Ta buɗe baki, ta haɗa ido da jaki, ta sake durƙushewa. Malam ya ce to bari shi ya faɗa. Ya faɗi ta jaki a hankali, harafin farko yana fitowa sumul daga tsakiyar maƙogwaro. Ya faɗi ta mayafi, harafin yana kankarar ganɗa kamar mai shirin kaki.

"Kin ji bambanci, Hure?"

"Allah ya gafarta Malam, ta biyun dai kamar kana mura."

Malam ya kau da kai ya yi tari mai tsawo. Sannan ya ce tsakani da Allah, duk wadda take jin bambancin ta ɗaga hannu. Hannu uku suka tashi cikin ashirin da huɗu, na Kaltume ba ya ciki.

"To ke Kaltume yaya aka yi kika gane?"

"Na ga dai ba jaki a gidan, Malam."

"Ashe ke ma dacewa kika yi," in ji shi. "To ga hukunci. Kaltume ta kawo abin da aka faɗa, a ba ta tsakuwa. Hure ta kawo abin da kusan dukkanku kuka ji, a ba ta tsakuwa. Sa'adiyya kuma ba za a tashi ba sai ta koya muku haruffan nan biyu."

"Malam, jaki guda da kayansa, tsakuwa ɗaya?" in ji Hure. "Ita ko motsi ba ta yi ba!"

Kafin Malam ya amsa sai ga ihu daga waje. "Jama'a, an sace mini jaki! Yanzun nan na ɗaure shi! Jama'a a taimaka!" Jakin ya ji muryar ubangidansa, ya miƙa wuya ya saki kuka a tsakiyar aji. Ihun waje ya tsaya cak. Can sai ga muryar Sama'ilu daga zaure, ƙasa-ƙasa.

"Salamu alaikum. Allah ya gafarta Malam... ko jakina ya shigo?"

"Bai shigo ba, kawo shi aka yi," in ji Malam. "Karatu ya zo."

Malam da kansa ya ja igiya ya fitar da shi. Hure ta bi su har zaure ta ba Sama'ilu haƙuri, shi kuwa ya ce ba komai, ai ita ta karɓi haihuwarsa, in tana so ta haɗa da sauran jakunansa biyu. Mata suka share takin da ya zube suka tara a gindin gwanda. Daga nan Malama ta zaunar da su, ta ce kowa ta ɗora yatsa a maƙogwaro. Har rana ta yi ja mata ashirin da huɗu suna kha, kha, kha a inuwar darbejiya, wasu suna ƙwarewa, wasu suna neman ruwa, jarirai suna kallon iyayensu da mamaki.

A hanyar gida Hure tana ɗingishi, gwiwa ta fara karɓar hakkinta. Kaltume ta riƙe mata hannu. Hure ta ce ba ta yafe maganar bita ba, Kaltume ta ce ita ma ba ta yafe maganar kanti ba, suka ci gaba da tafiya a haka har bakin rijiya inda hanya ta rabu.

Malam Basiru yana alwala ya ji matarsa a madafa tana wani irin kakari. Ya yar da buta ya shigo da kofin ruwa a guje.

"Ƙaya ce? Sha ruwa! Bari na buga miki baya."

"Ka bar ni, Malam, na kusa kamo shi."

Ba ta kamo harafin ba sai washegari, tana tsaka da tankaɗe. Ta faɗa sau ɗaya ya fito, ta sake ya fito. Ta ajiye rariya, ko garin hannunta ba ta kakkaɓe ba, ta ɗingisa ta tsallaka yamma da rijiya. Ta tarar da Kaltume tana shanya, ta fizge mayafin ruwan goron daga igiya ta ɗaga shi sama.

"Khimarun!" in ji ta, har kajin gidan suka watse. "To ke ma faɗa mu ji."

Kaltume ta gwada, jaki ya fito. Ta sake, jaki ya sake fitowa. Hure ta jawo turmi ta kifa ta zauna a kai, ta ce ta ci gaba, yau ba ta da wani aiki.